Dutsen Malam Haliru da Inji Mai Kai Huɗu

Tun da na dawo daga ƙasar Holan abokai ba su bar ni na huta ba. A majalisarmu ta Gidan Dare, da zarar hira ta yi sanyi sai wani ya ce, "Atta, ba mu labarin ƙasar masu kekuna." Ni kuwa sai in gyara zama in ba su na kilishi, in ƙara musu da na butar furanni, a yi dariya a watse. Shekara da shekaru haka nake yi, ina ba su romon ina ɓoye naman. Yanzu furfura ta cinye kaina, waɗanda suka san sauran labarin kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi daga farko har ƙarshe, har da wurin da ba na son tunawa.

Lokacin soja ke mulki, kuɗin man fetur kuma sun shigo gari da ƙarfinsu. Sakkwato sai faɗi take yi. Gonakin geron Mabera da Minanata ana ta yanka su fuloti-fuloti, kowa yana son takardar filinsa a hannu yau-yau. Ni ina ofishin safiyo, a ɗakin zanen taswira. Mu huɗu ne: ni da Altine da Sambo, sai babbanmu Malam Haliru, wanda ya koya mini riƙon alƙalami tun layina yana tafiyar maciji. Ba shi da takardar makaranta ko ɗaya. A hannun Turawan awo na dā ya koyi aikin, yana ja musu sarƙa a daji. Amma in ya ja layi, sai ka rantse da zare aka miƙe shi.

Ga yadda muke aiki. Masu awo su fita daji su dawo da littattafansu cike da lambobi, mu kuma mu mayar da lambobin zane a kan babbar takarda guda ɗaya mai faɗin tabarma, a shimfiɗe kan tebur ɗaya. Kowa yana da bencinsa inda yake gwaji da fensir, amma tawadar gaskiya a babbar takardar nan ake sa ta. Mutum biyu kuwa ba sa sa mata hannu a lokaci guda. In wani ya jingina takarda ta motsa, layin ɗan'uwansa ya karkace. In tawada ba ta bushe ba, hannun riga ya kwashe ta. Don haka akwai wani baƙin dutse mai sulɓi da Malam ya tsinto a gulbin Rima tun ban san aikin ba. Wanda dutsen ke gabansa shi ke da takarda. In ya gama ya jira tawada ta sha iska, sannan ya miƙa wa na gaba. Wuni guda ba abin da kake ji a ɗakin sai, "Wa ad da dutsi?"

Jira ya fi aikin yawa, kuma a jiran nan ake komai. A nan ake fasa goro, a nan Sambo ke kwaikwayon tafiyar manyan ofis har sai cikin mutum ya ƙulle. Layin Malam ya fi na kowa daɗewa. In dutse ya zo gabansa sai ya sa Sambo ya riƙa karanto masa lambobi da ƙarfi, wai don mu saba da su, Altine kuma ya riƙe masa rula ya ɗora yatsa inda layi zai fara, wai ladabi. Ni a raina ɓata lokaci nake gani, sai dai ban taɓa furtawa ba.

Ana nan sai babban sakatarenmu ya dawo daga wata tafiya da ɗan littafi mai hotuna masu sheƙi. Wai wani kamfani a Holan ya ƙera inji mai ƙwaƙwalwa na zanen taswira, mai kai huɗu, kowane kai yana zane, aikin mutum huɗu a lokacin mutum ɗaya. Har da dariyarsa, wai kawunan nan ba sa cin goro, ba sa zuwa ta'aziyya. Ni ya zaɓa in je in gani, tunda na yi kwaleji a Kaduna kuma Turancina yana fita. Ya ce in tafi da lambobin Mabera in gwada injin da su, in rubuto rahoto. In ya yi, a saya, a bar mutum ɗaya ya riƙa kula da shi, sauran a sallame su, kuma da marasa takardar makaranta za a fara. Bai ambaci suna ba, amma mu duka mun san mutum ɗaya ne a ɗakinmu ba shi da takarda.

Ana gobe zan tashi na je yi wa Malam sallama bayan La'asar. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ta ɗaure mini kilishi da yaji a ƙyalle. Malam ya riƙe hannuna a zaure ya ce, "Atta, ka tahi ka gani da idonka. Abin da kag gani shi za ka hwaɗi, kak ka ƙara, kak ka rage don ni."

Na ce, "In sha Allahu. Malam, mi kaka so in kawo maka tsaraba?"

Ya ce, "Ni ba ni son komi. Sai dai Innakku, ta ce in ka ishe gilashin nan mai mariƙi da ka ƙara girman abu, ka sawo mata. Zaren allura ya hwara ba ta wahala."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Da hantsi muka kama hanyar Kano a fijon ofis. Titin duk ana aikinsa, manyan motocin siminti da tankoki suna ta ture mu gefe. Kusa da Talata Mafara taya ta yi faci, direba ya buɗe baya ya tarar safayar ma ta riga ta kwanta. Muka zauna gindin tsamiya muka sha fura har ya dawo daga wurin mai faci a bayan a-kori-kura. Bayan Gusau kuma sai shingen soja. Wani kofur ya hango dogon bututun kwanon da na sa taswira a ciki, nan take ya gyara riƙon bindiga. Na ce masa taswirar filaye ce. Ya sa na warware ta a kan bonet, ya tsura mata ido a juye, ƙasa a sama, ya daɗe yana gyaɗa kai. Can sai ya matso kusa da kunnena ya ce, "Akwai sauran fili a bakin titi?"

A Kano na kwana gidan wani abokin makaranta a Fagge. Da safe muka je wurin mai shayi, mutumin ya faɗi wata magana ban ji ba, na ce, "Mi kac ce?" Ai sai benci duka ya juyo. "Basakkwace ya iso! Yaushe kunka zaka?" Har na shanye shayina ba su bar ni ba, kowa yana gwada bakinmu yana ɓata shi. Na ji haushi a lokacin, amma bayan kwana biyu da zan sami mai yi mini irin wannan tsiyar da Hausa, da na rungume shi.

Na jirgi ba ni da abin faɗa mai yawa. Kunnena ya toshe tun daga tashi, na ƙi cin naman da aka kawo don ban san wa ya yanka ba, na yi ta Ayatul Kursiyyu duk lokacin da jirgin ya girgiza. Da muka fara sauka na leƙa ta taga na ga ƙasa shimfiɗe lumui, ruwa ya ratsa ta ko'ina, kamar fadamar Rima da damina, sai dai an ja mata layi da rula. Na ce a raina lallai masu safiyon garin nan ba sa barci.

A wurin masu binciken kaya wani kare ya zo ya dafe jakata ya ƙi tashi. Mai karen, wani dogo kamar ya taɓa silin, ya buɗe ƙyallen Inna, ya ɗaga kilishi da yatsu biyu ya tambaye ni ko fata ce. Na ce nama ne. Ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu, a kwandon shara za a sa shi. Kilishin Inna a shara! Na ce to ko doka ta hana in shigar da shi a cikina? Ya dube ni, ya fashe da dariya, ya jawo mini kujera. Na zauna nan gaban jama'a, da babbar riga da hula, ina yagar kilishi ba ruwa. Na miƙa masa, ya ɗan yagi gefe ya sa a baki, nan da nan fuskarsa ta yi ja wur, hawaye suka zubo, abokan aikinsa suna tafa masa. Na ci iyakar cikina, sauran aka zubar ina kallo. Yajin dai ya bar mini shi, kuma shi ya riƙe ni har na dawo.

Kamfanin ya sauke ni gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, sunanta Marika, ni kuma na sa mata Inna Marika. Gidan siriri ne, matakalarsa a miƙe kamar tsanin rumbu, sai da na koyi naɗe riga a kafaɗa kafin in hau. Abin da ya fara ɗaure mini kai, tagoginsu ba labule. Kana wucewa a titi kana ganin mutum da iyalinsa suna cin abinci, ku haɗa ido, kuma ba zai ce maka bismilla ba. Maƙwabci ma ba ya faɗo maka gida sai ya aiko ka ba shi rana da lokaci. Abinci kuwa, da safe burodi da cuku, da rana burodi da cuku, da yamma dankali. Ran da ta so ta girmama ni sai ta kai ni bakin kasuwa, ta sayi ɗanyen kifi ta kama wutsiyarsa ta ɗaga kai ta zura shi a baki, ta miƙo mini nawa. Na ce mata ina azumin kifi. Rana kuma, da yake bazararsu ce, ba ta faɗuwa sai mutum ya gaji da jiran Magariba.

Buta ce babbar matsala. Na duba gidan duka ban ga mai kama da ita ba sai wani gwangwani mai dogon baki a kan taga, na ɗauke shi na kai ɗakina. Kwana uku tsohuwar nan tana neman abin ba wa furanninta ruwa, har ta fara zargin 'ya'yan maƙwabta. Da na gane na je na faɗa mata gaskiya, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ta saurari bayanin alwala har ƙarshe ba ta yi dariya ba. Washegari na tarar da sabon gwangwani a ƙofar ɗakina, ta rubuta sunana a jikinsa da fenti. Har yau in na tuna matar nan sai in ji zuciyata ta yi taushi.

Ranar farko a kamfani ina tsaye a ƙofa da bututun taswirata sai ga wani dattijo a kan tsohon keke, ya ɗaure ƙafar wando da roba. A Sakkwaton lokacin ko akawu neman mota yake yi, mai keke kuwa masinja ne. Sai na miƙa masa bututun na ce ya kai ni ofishin shugaba. Ya karɓa da ladabi, ya saɓa a kafaɗa, ya shige gaba ina biye. Muka hau bene, ya buɗe wata ƙofa, ya ajiye bututun, ya zagaya bayan babban tebur ya zauna, ya ce, "Barka da zuwa." Da akwai taga a buɗe kusa da ni, da ta nan na fita.

Injin yana wani ɗaki mai sanyi, akwatunan ƙarfe ne masu tsayin kabad, suna gurnani a hankali, ga allon gilashi irin na talabijin inda zane ke fitowa. Mutum biyu aka haɗa ni da su. Ɗaya dillalin kamfani ne, mai laƙtaye da zaƙin baki. Ɗayan Yohan, injiniyan da ya haɗa abin da hannunsa, mai gemu buzu-buzu, kullum yana gatsar tuffa, magana kuwa sai ta kama. Dillali ya yi ta nuna mini hoton jirgin ruwa da na gada suna juyawa a allo. Wallahi abin ya burge ni, kuma gabana ya faɗi, don na ga ƙarshen Malam Haliru a gilashin nan. Amma na dage sai an gwada da lambobin Mabera. Kwanaki muka yi ni da Yohan muna ɗura masa su.

Ranar gwaji na roƙi a kunna kai ɗaya kawai tukuna. Na sa ido a agogon bango har Mabera ta gama fitowa, titi-titi, fuloti-fuloti. Aka kunna biyu, lokacin ya kusa raguwa da rabi, dillali yana murmushi. Aka kunna huɗu, na zata kafin in ƙifta ido an gama. Sai na ga da kaɗan ya fi na biyu. Dillali ya yi sauri ya ce ai akwai babban yayansa mai kai takwas, na manyan masu saye. Na ce a nuna mini. Mai kai takwas ya kama Mabera ya yi ta nishi, bai gama ba sai bayan lokacin da mai huɗu ya ɗauka. Nan dillali ya tuna ana jiransa a waya.

Da rana muka zauna ni da Yohan a bakin wani magudanar ruwa da burodinmu da cukunmu, na ce ya gaya mini tsakani da Allah me ya faru. Ya ce kawunan suna da yawa, amma wurin da ake ajiye zanen ɗaya ne, duka a nan suke ɗiba, a nan suke zubawa. Kowane kai yana gama lissafinsa nan da nan, amma kafin ya sa layinsa a zanen sai ya shiga ma'ajiyar nan, biyu kuwa ba sa rubutu a ciki lokaci guda, don wani zai ɓata na wani. Saboda haka akwai wata alama da suke karɓa: wanda ya riƙe ta ya shiga, sauran su tsaya. In ya fito kuma sai an sanar da kowa abin da ya canza, su zubar da abin da suka kwafa a dā su sake ɗibo sabo. Hoton jirgi ba ya wahalar da su, don kowa yana can gefensa. Amma taswirarku, in ji shi, ƙananan layuka ne birjik, kowane fuloti ya jingina da na kusa da shi. Sai ya zama neman izini da jira da sanarwa sun fi zanen cin lokaci, kuma in ka ƙara kawuna, masu jira ka ƙara.

Na yi dariya har na ƙware da burodi, Yohan yana buga mini baya. Da na samu numfashi na ba shi labarin teburinmu da dutsen gulbin Rima. Na ce na ƙetaro hamada da teku don in ga Altine da Sambo a cikin akwatin ƙarfe, goro kawai suka rasa. Mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba ya yi dariya har da riƙe ciki. Washegari na tarar ya tsinto ɗan dutse ya ɗora a kan injin.

Na tambaye shi to mene ne maganin abin. Ya ce shi suke nema, kuma zai ɗauki shekaru: a raba zanen gida-gida, kowane kai a ba shi yankinsa da ma'ajiyarsa, kada su haɗu sai a ƙarshe, a bakin iyaka. Maganar nan ta shige ni. Na koma masauki ina tafe kamar zan tashi sama. Ga hujjar da za ta hana sayen inji, ga kuma dabarar da za ta sa aikinmu ya yi saurin da sakatare ba zai sake neman wani injin ba. Na ce na ceci Malam, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai.

Ranar ƙarshe Inna Marika ta raka ni sayen tsaraba. A wani ɗan kanti na ga gilashin nan mai mariƙi, na ɗauka na juya shi. Abu ne ɗan mitsitsi, kamar kayan wasan yara. Na ce haba, in taso tun daga Turai in shiga gidan Malam Haliru guda da wannan? Ai sai a yi da ni a unguwa. Na ajiye, da niyyar in dawo in na gama da manyan kaya. A gaba na ga wani agogon hannu siriri mai ruwan azurfa, lambobinsa ƙanana masu kyau kamar rubutun Malam, na ce wannan shi ne daidai da girmansa. Inna matar Malam kuma na saya mata mayafi. Kafin in koma kantin gilashi sun rufe, don can in lokacin tashi ya yi ko sarki ne a ƙofa ba sa buɗewa. Na ce ai ana samu a Kano. A Kano kuwa ɗokin gida ya sa ko tunawa ban yi ba.

Na iso Sakkwato zafi ya rungume ni, na ci tuwon shinkafa da miyar sure har na kasa tashi. Washegari na kai wa Malam tsarabarsa. Ya shafa agogon da yatsu, ya kanga shi a kunne, ya ce, "Kai, yana da murya mai daɗi." Ya sa mini albarka. Sai da na tashi tafiya ya ce, "Gilashin Innakku hwa?" Na ce na sha'afa. Ya ce, "Ba komi."

Sakatare bai ji daɗin rahotona ba, amma da na shimfiɗa masa sabuwar dabara sai ya sauko. Ya ba mu wata ɗaya mu gwada da taswirar Minanata: a yanka babbar takarda gida huɗu, kowa da teburinsa, ba jira, ba dutse, sai ranar ƙarshe a haɗa. In aiki ya yi sauri, maganar inji ta mutu.

Da na kawo maganar ɗakinmu ba wanda ya yi murna. Altine ya ja ni waje ya ce, "Atta, don Allah, don Annabi, bar muna teburinmu."

Na ce, "Ku dai zaman jiran ga da cin goro ad da daɗi gare ku."

Ya buɗe baki zai yi magana, ya waiwaya ya dubi ƙofa, ya fasa. Malam kuwa ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "In anka yi hakanga, injin ba shi zakuwa?"

"Ba shi zakuwa, Malam."

"Su Altine suna nan bisa aikinsu?"

"Kowa na nan, har kai."

Ya ciro reza daga naɗin hularsa ya miƙo mini. Ya ce, "Yanka."

Tebur huɗu, kusurwa huɗu. Aiki ya yi ta gudu kamar yadda na ce, ɗakin kuwa ya yi tsit, sai ƙarar alƙalami. Ba mai tambayar dutse, yana can gefen teburin Malam ba mai taɓa shi. Na lura Altine ba ya iya zama, ɗan anjima kaɗan sai ya tashi ya nufi wurin Malam, Sambo ma haka. Ni kuwa, sabon gwani, sai in ce, "Ku koma wurinku, dokar ita ta kada a gamu sai ƙarshe." Malam da kansa ya riƙa korarsu yana cewa su bi maganar Atta. Kafin sati uku mun gama abin da a dā yake cin wata biyu.

Ranar haɗawa sakatare ya zo da baƙi biyu don su ga abin da yaronsa ya koyo a Turai. Muka jera takardun a kan tsohon tebur. Tawa da ta Sambo suka haɗu cif, ta Altine ma haka. Aka matso da ta Malam. Titin da ya fito daga yankina ya zo bakin iyaka, sai ya faɗa tsakiyar fulotin mutum. Layukan Malam suna nan miƙe sambal kamar kullum, amma ba daga inda ya kamata suka tashi ba, lambobin kuma wasu sun hau kan wasu. Sakatare ya ɗora yatsa a kan wata lamba ya ce Malam ya karanta masa. Na ji Altine ya fara raɗa lambar a cikin tari.

Malam ya ɗaga hannu. "Bari, Altine." Ya juya wajen sakatare. "Ranka shi daɗe, ba ni ganin ta. Shekara biyu ke nan ba ni ganin ƙananan baƙi. Yaran ga su ne idanuna, ɗaya shi karanta, ɗaya shi aza min yatsa. Laihi nau na, ba nasu ba."

Sai a lokacin na gane. Karatun lambobin Sambo, yatsan Altine a bakin rula, daɗewar dutse a gaban Malam, duk abin da nake kira ɓata lokaci, ashe shi ke riƙe da dattijon nan a kan aikinsa. Daga baya Altine ya ce mini Malam ne ya ɗora musu amanar kada su faɗa wa kowa, har ni, don ya san ni ake kira ofishin manya kuma ba ya son a sa ni yin ƙarya.

Ƙarshen wata aka sallami Malam. Inji ba a saya ba. Mu uku muka ci gaba da aikinmu har muka yi ritaya, ni har da ƙarin girma, wai don na kawo sabuwar dabara. Ban taɓa jin ɗacin wata takarda kamar ta ƙarin girman nan ba. Dutsen kuwa Malam ya bar shi a kan teburina ranar da ya kwashe kayansa, shi ne ma ya danne takardun nan da nake rubutu a kansu.

Kwana goma kunya ta hana ni zuwa gidansa. Ran da na daure na je, na same shi a zaure a kan buzu, agogon yana ɗaure a hannunsa. Na durƙusa na gaishe shi. Can na ce, "Malam, gilashin nan ba na Inna ba na."

Ya yi dariya. "Innakku? Ita da ka zura zare tana kallon wani wuri?"

"Don mi ba ka hwaɗa min ba? Da ban yanka takardar ba."

"Da ba ka yanka ba, da an kawo wani inji baɗi, biyu cikinku su bi ni gida. Ni ɗaya ya hi sauƙi. Dabarakka ta yi kyau, Atta, kak ka zage ta." Ya kanga agogon a kunne ya ɗan saurara, sannan ya miƙo mini hannunsa. "Duba muna abin ga naka, ko La'asar ta yi."

Na kama hannun da ya koya mini jan layi, na sunkuya. Ƙananan lambobin nan da na zaɓa da kaina suka yi ta rawa a idona, na daɗe ina duban su.

Ya ce, "Kai ma ba ka gani?"

Na ce, "Ina gani, Malam. Ta yi."